Wata Goma Sha Takwas a Kan Zare Takobi Ɗaya

Karatu ne ya kai ni Sendai, babban birnin lardin Miyagi da ke arewa maso gabashin Japan, kuma a can ne wani abokin karatuna ya ja ni zuwa zauren motsa jiki na unguwarsu, inda mutane kimanin goma sha biyar, yawancinsu sun girme ni nesa ba kusa ba, suke taruwa daren Talata da safiyar Asabar domin abin da suke kira iyaido. Iyaido shi ne fasahar zare takobi daga kube, a kai sara, a kakkaɓe shi, a mayar da shi mazauninsa, duka a kan abokin gaba wanda babu shi a zauren sai a zuciyar mai yi. Ni da na tashi ina kallon hawan salla, abin da na sani shi ne takobi miƙaƙƙe mai kaifi biyu, rataye da hamila a kafaɗar mahayi. Na Japanawa yana da ɗan lanƙwasa, kaifinsa ɗaya, kuma ana soke shi ne a cikin ɗamara a ƙugun hagu, kaifin yana kallon sama. Wannan kwanciya tasa ita ce ta sa zarewa da saran farko suke zama motsi guda, kuma a kan wannan motsin na shafe wata goma sha takwas ina fama.

A watannin farko ban taɓa ƙarfe ba. An ba ni takobin katako mai kuben roba, aka koya mini naɗa ɗamarar da suke kira obi, da ɗaura hakama, wani buje mai faɗi mai ninki biyar a gaba. An gargaɗe ni tun daga lokacin cewa idan ɗamara ta yi sako-sako takobi zai riƙa lilo, idan kuma ta matse da yawa kube ba zai zame ba, amma ban ba rabin gargaɗin na biyu muhimmanci ba, domin ban ga dalilin da zai sa a so kube ya zame ba.

Na ɗauka zaman da suke kira seiza ba zai ba ni wahala ba, tun da na girma ina zaman tahiya sau da dama kowace rana. Ashe wannan sabon ne zai fara tona mini asiri. Mu da muka tashi a kan mazhabar Malikiyya muna ɗora nauyi a ɓangaren hagu mu kafe ƙafar dama, shi kuwa seiza yana so nauyi ya rabu daidai a kan diddige biyu, bayan ƙafafu a shimfiɗe a daɓe. Malaminmu, wani dattijo da ya haura saba'in wanda kowa yake kira sensei, ya yi ta zagayowa ta bayana yana tura kafaɗata da yatsu biyu, ina miƙewa ina sake karkacewa. Da na bayyana masa dalili sai ya ce in nuna masa zaman, ya duba da kyau, sannan ya ce yanzu ya gane, amma takobi ba ya karɓar wannan uzuri. A ranar ne kuma na fito masa da maganar gaisuwa, domin ana rusuna wa gaban zaure, da malami, da takobi, a farkon horo da ƙarshensa. Na gaya masa goshina ba ya taɓa ƙasa sai a salla. Ya nuna mini cewa a tasu ƙa'idar ma goshi ba ya kaiwa daɓe, kuma zauren namu na hukuma ne, babu wurin bauta a cikinsa. Na ɗauki abin a matsayin rusunawar da muke yi wa manya a gida, muka wuce wurin.

Abin da ake fara koya wa sabon shiga a zaurukan da ke ƙarƙashin Tarayyar Kendo ta Japan, ƙungiyar da ke kula da wasannin takobi a ƙasar, shi ne jerin salo goma sha biyu da ake kira seitei. An tsara bakwai na farko a 1969, aka ƙara uku a 1980, aka cike da biyu a 2000, kuma an tsamo su ne daga tsofaffin makarantun takobi domin a sami ma'auni ɗaya na jarrabawa da gasa. Malaminmu ɗan makarantar Muso Shinden ne, wadda ake dangantawa da Nakayama Hakudo da ya rasu a 1958, amma ya ce ba zan taɓa salon makarantar ba sai na ci jarrabawar dan na farko, wato farkon matakan ƙwarewa da suke kira dan. Kusan kowane salo yana tsaye ne a kan gaɓoɓi huɗu, wato nukitsuke, zarewa haɗe da saran farko, da kirioroshi, babban saran da ke saukowa daga sama, da ciburi, kakkaɓe jini daga ruwan takobi, sai noto, mayar da shi kube.

A wata na huɗu ya yarda na sayi takobin horo, iyaito, wanda ake yi da gamin alminiyam da tutiya, mai siffar takobin gaske amma babu kaifi. Takobin gaske, shinken, doka ba ta yarda a ajiye shi ba sai da takardar rajista daga hukumar ilimi ta lardi, kuma ko da takardar ba a barin ɗan koyo ya kusance shi. Ya auna tsawona da na hannuna ya zaɓa mini mai tsawon shaku biyu da sun huɗu da rabi a ma'aunin Japanawa, wato kusan santimita 74, aka aiko shi daga Seki a lardin Gifu, garin da ya shahara da maƙeran wuƙa da takobi. Abu na farko da ya koya mini a kansa shi ne duba ɗan tsinken gora da ke riƙe ruwan takobi a cikin ƙota kafin kowane horo, domin idan ya karye ana cikin sara, ruwan zai fice ya nufi duk wanda ke gaba.

Salo na farko sunansa Mae, ma'ana gaba, kuma a baki ba shi da tsawo. Kana zaune, abokin gaba yana zaune yana fuskantarka, sai ka ji ya ƙulla niyyar kawo maka hari. Ka kai hannuwa biyu ga takobi a natse, babban yatsan hagu ya tura faifan ƙarfen da ke tsare hannu har gindin takobi ya saki bakin kube, ka ɗago a kan gwiwoyi kana zarewa, ka kafe yatsun ƙafa, sannan ka taka da ƙafar dama a daidai lokacin da tsini ya kuɓuce ya yanka a kwance zuwa tsakanin idonsa da kunnensa. Daga nan ka ɗaga takobi bisa kai ta gefen kunnen hagu, ka matsa gaba, ka sauke masa sara daga tsakar ka. Sai ka miƙe kana kakkaɓe takobi, ka sauya ƙafa, ka mayar da shi kube kana sauke gwiwa ƙasa, ka tashi ka ja da baya taku uku. Duka bai kai minti ɗaya ba. Na haddace tsarin cikin mako biyu, kuma ba zan ɓoye ba, na fara jin kaina, musamman da na ga zarewata ta fi ta wasu dattawan zauren sauri.

Wani daren Talata bayan an tashi, sensei ya ce in ba shi kubena. Ya shimfiɗa baƙin ƙyalle a daɓe, ya kifa bakin kuben a kai, ya bubbuga shi da tafin hannu sau uku, sai ga farin ɓarɓashin katako yana zubowa kamar dusa. Ya ɗauko nasa, wanda ya fi shekara ashirin yana aiki da shi, ya yi masa haka, ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗo ba. Sannan ya ɗaga nawa saitin fitila ya nuna mini cikinsa, na ga gefen da kaifi yake bi ya zaizaye ya yi kwari. Ya ce da a ce shinken ne a hannuna, da nan ne kuben zai tsage wata rana, kuma abin da ke riƙe da wurin tafin hannuna na hagu ne.

Bayanin da ya biyo baya na lissafi ne kawai. Idan kube ya tsaya cak inda yake a ƙugu, hannun dama ba shi da tsawon da zai fitar da santimita 74 na ƙarfe a miƙe, saboda haka ko dai kafaɗa ta bi takobin gaba mutum ya rasa daidaitonsa, ko kuma a fizge shi gefe tun tsini yana ciki, ya kankare katako a hanyarsa ta fita. Ni duka biyun nake yi, kuma saurin da nake taƙama da shi daga fizgar yake. Abin da ya kamata shi ne hannun hagu ya kwantar da kube a gicciye sa'ad da zarewa ta kusa ƙarewa, sannan ya ja shi baya da ƙarfi, ƙaramin yatsa yana goga ɗamara, har ƙarshen kuben ya zagaya bayan mutum, ƙirji ya buɗe. Wannan jan shi suke kira sayabiki. Kusan santimita tara na ƙarshe, hannun hagu ne yake tuɓe wa takobi kubensa, shi kuma tsini ya tashi da kansa kamar an saki baka. A nan ne na tuna gargaɗin ɗamara, domin tawa a matse take tamkar ta ɗan kokawa, kuben ba shi da hanyar zamewa ko da na so.

Gane magana daban, jiki ya yarda da ita daban. Ya tsara mini horon da har yanzu nake ganin shi ne mafi amfani a cikin duk abin da na koya. Yakan durƙusa a gabana ya riƙe ƙarshen ƙotar takobina da tafinsa bayan na zare rabi, ta yadda hannun dama ba shi da inda za shi, ya ce in fitar da sauran da hannun hagu da ƙugu kaɗai. Ranar farko na kasa ko sau ɗaya. Daga baya ya sa na riƙa zama dab da bango, domin bangon ya maye gurbin tafinsa. A ɗakina kuwa, da yake rufin gidajen haya na Japan ba shi da bisa, ba na iya ɗaga takobi sama, sai na taƙaita a kan zarewar kawai, sau hamsin kowane dare a gaban madubi, ina jingine waya a kan littattafai tana ɗaukar bayana. Hoton bayan ne ya fi faɗa mini gaskiya, domin sau da yawa nakan ji a jikina na ja kube har iyaka, in duba in ga bai motsa da faɗin tafi ba.

Kalmomin da na fi ji daga bakinsa a wannan lokaci guda uku ne, har na fara jin su a mafarki: yukkuri, wato a hankali, da hidari te, wato hannun hagu, da mo ikkai, wato sake. Ya hana ni sauri gaba ɗaya. Ya ce zarewa tana da matakin gudu uku da suke kira jo, ha, kyu, ta fara a sanyaye kamar ana ba abokin gaba damar ya janye niyyarsa, ta ƙaru a tsakiya, sannan ta fashe a ƙarshe, kuma wanda ya fara da gudu ba shi da abin da zai ƙara idan an zo ƙarshen. Abin mamaki, hunturu ne ya taimake ni. A watan Janairu akan yi horon sanyi da sassafe, ƙafa babu takalmi a kan katakon da ya kwana yana shan iska, kuma yatsuna sukan ƙage har ba na iya damƙe ƙota yadda na saba. Da damƙar ta ragu sai hannun dama ya daina gardama, na ji tsini ya fita babu ƙarar gogar da kunnena ya saba da ita har ya daina lura. Sensei yana can ƙarshen zaure, bai juyo ba, ya ce, "Wannan ce."

Babban saran bai ci mini lokaci kamar zarewa ba, ko da yake shi ma ya yi mini tarko. A jikin iyaito akwai dogon kwari da aka fafe, wanda yake yin fito idan kaifi ya tsaga iska a miƙe, kuma ya yi shiru idan ya karkace ko kaɗan. Da na gano haka sai na shiga farautar fiton da ƙarfin kafaɗa, sakamakon kuwa shi ne tsini ya riƙa rawa a ƙarshen sara. An nuna mini cewa fiton ya kamata ya tashi a gaba, inda kan abokin gaba yake, kuma ana samunsa ne idan aka jefa tsini nesa kamar mai jefa fatsa, aka matse ƙaramin yatsa da na kusa da shi a daidai lokacin yanka, hannun hagu yana jan ragamar aikin, na dama yana saiti kawai.

Mayar da takobi kube ya fi komai ba ni tsoro, domin ba a yarda a kalli ƙasa ba. Babban yatsa da manuniya na hagu suna rufe bakin kube su zama masa leɓe, a ɗora bayan ruwan takobi a kansu, a ja shi har tsini ya faɗa ciki. Wata Asabar na yi gaggawa, tsinin ya kuskure bakin ya shiga fatar da ke tsakanin yatsun biyu. Iyaito ba shi da kaifi, amma tsininsa tsini ne, kuma tabon yana nan har yau. Wata dattijuwa mai dan biyar ce ta ɗaure mini, tana ɗaurewa tana gaya mini cewa ciwon nan ma laifin hannun hagu ne, domin na tsayar da kube ina jira takobi ya nemo shi, alhali kube ne yake ja baya ya buɗe wa tsini hanya, sannan ya taho ya tarye shi. Ita ce kuma ta gyara mini bakin kuben da na lalata, wanda ya yi sako-sako har takobi yana zamowa idan na sunkuya. Ta fere ɗan siririn itacen ho, irin wanda ake yin kuben da shi, ta manna da gam ta ɓangaren kaifi, ta gargaɗe ni kada in taɓa sa ciko a gefuna biyu masu faɗi, domin kube ɓari biyu ne aka haɗa, kuma matsi daga can zai raba su.

Da hannuwa suka fara daidaita, sai ya koma kan idanu. Yakan tsayar da ni ana tsakiyar salo ya tambaya, "Ina abokin gabanka?" Ƙa'idar ita ce a ƙaddara shi mai tsawo daidai da na mai yi, amma saran nawa na farko yana wucewa ne sama da kan duk wani mai zama, kuma idona yana sauka ƙasa tun sara bai iso ba. Ya sa wani ɗalibi mai kusan tsawona ya zauna can nesa da inda takobi zai kai, domin in ga ainihin inda gefen goshi yake. Daga ranar salon ya sauya mini ɗanɗano, domin kowane jinkiri da kowane taku ya sami dalili, har da tsayuwar da ake yi bayan ciburi ana kallon wanda ya faɗi, wadda a da nake ɗauka hutu ce.

A bazara muka tafi Murayama a lardin Yamagata mai maƙwabtaka da mu, inda wurin bautar da aka keɓe wa Hayashizaki Jinsuke Shigenobu yake, mutumin ƙarni na 16 da yawancin makarantun iyaido suke ɗauka a matsayin tushensu, wanda labari ya ce ya keɓe kansa a can yana neman hanyar ɗaukar fansar mahaifinsa. Na tsaya gefe har abokan tafiyata suka gama al'adarsu, sannan muka shiga zauren horon da ke kusa. A can na ga wani tsoho da ƙyar yake sauka a kan gwiwa yana yin Mae, kuma da yake na riga na san inda zan duba, ban kalli takobinsa ba sam, hannunsa na hagu na zuba wa ido. Ban ga lokacin da ya yi sauri ba, amma ban ga lokacin da zan iya shiga masa ba.

Na ci matakin ikkyu, wanda yake ƙasa da dan na farko, wajen ƙarshen shekarata ta farko, kuma ƙa'ida ta ce sai an yi aƙalla wata uku bayansa kafin a nemi shodan, wato dan na farko. Ni na jira shida. Ranar jarrabawa aka manna mana lamba a ƙirji, muka shiga rukuni-rukuni gaban alƙalai biyar, aka ba mu salo biyar da za mu yi cikin minti shida, har da gaisuwar farko da ta ƙarshe, kuma wanda ya wuce lokaci ko ya sauya salo ya faɗi. Tun a gaisuwar farko igiyar kube ta suɓuce daga yatsuna saboda gumi, na tattara ta a natse kamar yadda aka koya mini, ban waiwayi kowa ba. Mae ne na farko a jerin, kuma abin da kawai nake tunawa shi ne ban ji ƙarar katako ba. Akwai kuma jarrabawar rubutu, wadda ta fi takobin ba ni wahala saboda raunin Japanancina. Da yamma aka kafe lambobin waɗanda suka ci, tawa tana ciki.

Talatar da ta biyo baya sensei ya sake shimfiɗa baƙin ƙyallen nan, ya bubbuga kubena, ɓarɓashi biyu ko uku suka faɗo, ya share su da yatsa bai ce komai ba. Daga nan ya ce in zauna, ya fara nuna mini Shohatto, salon farko na makarantar Muso Shinden, wanda a ido yake kama da Mae kamar tagwaye. Bambancin da ya fi girma yana wajen mayar da takobi, domin a makarantarsu ana kwantar da ruwan takobi da bakin kube a gicciye, a faro daga kusa da gindi a ja da hanzari, kuma hannun hagun da na yi shekara da rabi ina lallashi bai san wannan hanya ba. Na yi ta sau talatin a daren, na kuskure bakin kube a fiye da rabi. Da na koma ɗaki na kifa kuben a kan wata baƙar riga na bubbuga, dusa ta zubo kusan kamar ta ranar farko.